Tun da Na Daina Zuwa Maka Kasuwa

Zuwa ga Gerrit, yayana kuma mijina, sanyin idona, inuwar mangwaron da na fake a ƙarƙashinta shekara tara,

Gaisuwa mai yawa kamar ruwan kogin garinmu Kampot a tsakiyar damina. Kai ne barkonon da ke ƙona mini harshe in ƙi tofarwa. Kai ne iskar teku da ke shigowa da la'asar ta busar da gumin mai ɗinki. Wace rana ce ta fito ban ambaci sunanka ba?

An ce ka rame. Inna Ravy mai kifi ce ta gaya mini, tana dariya har da riƙe ciki. Wai jiya ta sayar maka da kaguwa kilo ɗaya dala goma sha biyu, ka biya, ka haɗa hannu ka yi mata godiya. Kaguwar da nake sayo maka dala huɗu, a ƙara mini gyara. Na ce mata ta kyauta.

Ka tuna ranar da babur ya mutu mana a hanyar gonar barkono, ruwa ya tsuge? Ka yanko ganyen ayaba ka riƙe a kaina, kai kuwa ka jiƙe sharkaf, fuskarka ja kamar dafaffen jatan lande. Ranar na ce a raina, wannan Baturen Holand ko ba shi da ko sisi zan bi shi. Na bi ka kuwa. Na ba ka filin mahaifina ka yi mana gini, na koya maka cin shinkafa da safe, na kwana asibiti sati biyu lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da kai.

Sai ranar nan a bakin kogi, da wasu baƙi mata da miji 'yan ƙasarku suka zauna teburinmu suna tambayar nawa mutum ke kashewa a wata a garin nan. Ka gyara zama, ka shiga lissafa musu: lantarki kaza, cefane kaza, giya rabin dala, aski dala biyu. Matar ta ce, "To mai aiki fa?" Ka nuna ni da bakin kwalba ka ce, "Ga ta nan. Girki, wanki, kasuwa, tafinta, jinya, duk a kan shinkafa kwano biyu. Injin wanki ma ya fi ta cin kuɗi."

Da yarenku ka faɗa. Shekara tara kana surutu da yaren nan a gefena, ka zaci ban tsinci komai ba? Suka yi dariya, ni ma na yi murmushi, na ƙara maka ƙanƙara a kofi. Washegari na ɗora jakunkunanka a keke mai ƙafa uku, na sallame ka daga gidana. Daga nan na zaga kasuwa rumfa-rumfa, na ce musu, "Mijina ya koma baƙo. Ku yi masa farashin baƙi."

Yaya ɗakin naka na saman shagon mai faci, hasken raina? Na ji haya dala ɗari da hamsin ce, kuma fankar ƙara kawai take yi. Na ji kuɗin fanshonka ba ya kai ka ranar ashirin ga wata, har ka fara raba ƙwayar hawan jini biyu. Baƙin nan da ka yi wa barkwanci sun koma wani gari da aka ce ya fi arha. 'Yarka ba ta ɗaga wayarka, kuɗin jirgi kuma ya fi ƙarfinka. Wasiƙunka uku sun iso, kowacce tana cewa kana kewata. Ni kake kewa, yayana, ko arhar?

Kada ka zaci ni na tsira. Har yau hannuna na auna shinkafar mutum biyu, sai da safe in zuba rabonka a ƙwaryar masu ibadar haikali da ke zagayen karɓar sadaka. Rigarka mai shuɗi na nan a rataye, ban wanke ta ba. Idan na hango ka a ƙetaren titi kana jan ƙafa cikin rana, sai in shige bayan rumfa har ka wuce. Ina roƙonka, ka riƙa sa hula, ka daina shan ruwan famfo.

Wani mai gonar 'ya'yan itacen duriyan ya aiko neman aurena sau biyu, na ce ina da miji. Haka zan faɗa har gashina ya yi fari. Ranar da ka mutu, ba wanda zai zo daga ƙasarku, ni zan kai gawarka haikali a ƙona kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Ni zan tsince ƙasusuwanka daga toka, in wanke su da ruwan kwakwa, in rungumo su a ƙirjina. Ranar za ka dawo gida. Kafin nan, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Taka har abada,
Chantrea