Takardata a rumbun Inna

Tawa, Laraba da dare

Yau na je ƙauyenmu Barmu ɗauko takardar bak ɗina, shaidar gama sakandare. Jibi jami'a za ta rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, kuma sai an nuna ta asali. Ashe cikin rumbu Inna ta ɓoye ta, inda take ajiye duk abin da take ji da shi. Ina kwance zanen da ta ƙulle ta ciki na ga gara ta cinye sunana da hatimin.

Inna ta ce, "Ai sauran na nan, ɗiyata. Ba su karɓa haka?"

Na ce suna karɓa. Shekara uku ina mafarkin karatun malanta, yau ko kuka ban iya yi gabanta ba. Ga geron da ta ƙulla mini na zaman makaranta nan bakin ƙofa, na kasa kallonshi.