Zaɓin da Bai Fito Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun miƙa wasan saura minti goma sha ɗaya a rufe ƙofa. Kwana goma aka ba kowa ya ƙirƙiro wasan kwamfuta daga babu, mu ɗari biyu da sha biyu muka kai ƙarshe. Namu wasan labari ne: hoto, rubutu, sai mai wasa ya zaɓi abin da matar za ta yi. Ni na rubuta labarin da umarnin da ke tafiyar da shi, Arno ƙanin mijina ya yi zane. Sunan wasan Kwana Tara. Mun sa masa alamar na manya saboda wurin da take yi wa mijinta wanka a gadon jinya, da abin da ya biyo baya.

Yanzu sai mako biyu na ba da maki. Dokar gasar ita ce daga yau an kulle, ba mai taɓa wasansa sai an gama.

Arno ya ce, "Ranki ya daɗe, je ki kwanta, kin koma kamar tsumman goge mota." Shi da gemunsa duk miyar kabeji.

Ban rubuta a shafin cewa labarin mijina Wendel ne ba. Ran sha tara ga wata zai cika shekara huɗu da rasuwa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Sharhi uku. Na farko cewa ya yi rubutun ya yi ƙanana a waya. Na biyu: "Na zo kallon tsiraici, na tafi da majina a hannun riga. Allah ya isa." Ya ba mu tauraro biyar. Na yi dariya a wurin aiki, inda muke haɗa haƙoran roba, har haƙorin da nake gogewa ya faɗi ƙasa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sharhi ashirin da shida. Na ce ba zan duba a wurin aiki ba, na duba sau tara.

Kowa maganar rana ta tara yake. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ana kwashe ƙanƙara a titi, duk motar da aka bari za a ja ta. Matar ta ɗauki makulli ta fita. Minti goma sha biyu. Ta dawo ta tarar ya cika.

Haka ya faru da ni, ban ƙara ko gishiri ba. Abin da na cire kawai shi ne Arno, don shi yana ɗakin lokacin. Ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Shekara huɗu muna cin abincin Lahadi tare, muna zagaye maganar kamar rami a hanya.

Amma ai na yi wa wasan ƙarshe na biyu. Idan mai wasa ya zaɓi kusantar mijin sau biyar a cikin kwanakin, zaɓi zai fito a rana ta tara: "Ki zauna." Don wannan zaɓin na yi wasan gaba ɗaya. Har yau ba wanda ya ambace shi. Wataƙila ba su kai ba ne.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wani ya rubuta: "Gwanintar marubuciyar ita ce duk abin da ka zaɓa sai ka fita. Ba wanda zai iya zama. Ba laifin kowa ba ne." Mutum goma sha huɗu suka danna masa amincewa.

Na karanta shi a mota kafin in tayar da ita. Na yi kuka har gilashi ya yi hazo. Shekara huɗu mutane suna gaya min wannan maganar, mahaifiyata, fasto, kowa, ba ta taɓa shiga ba sai yau da baƙo ya faɗa.

Sai dai ba haka na rubuta wasan ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na buga shi da kaina tun daga farko. Na zaɓi duka biyar ɗin. Rana ta tara ta zo, matar ta ɗauki makulli ta fita. Zaɓin bai fito ba.

Na buɗe umarnin, cikin minti biyu na gani. Lokacin gwaji na sa wani layi a farkon rana ta tara wanda ke mayar da ƙidayar zaɓin biyar ɗin sifili, don in ga ƙarshen fita. Na manta ban cire shi ba. Shi kuwa ƙarshen zama, tsalle nake yi kai tsaye in duba shi, ban taɓa bin hanya tun daga kwana na ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan gasa zai gaya maka: kafin ka miƙa, buga daga farko har ƙarshe. Ni da nake gaya wa sababbi haka!

Layi ɗaya. Kai, ni Noreen.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Abinci a gidan Arno. Na gaya masa. Ya ajiye cokali ya ce, "Wato zanen da na kwana biyu a kansa ba ɗan adam ɗin da ya gani?"

Na ce dama zanen bai yi min ba. Tun muna aikin na yi masa ƙorafi: matar tana riƙe da hannun mijin, shi kuma ya juya mata ƙeya yana fuskantar taga. Na ce ya juyo da shi, ya ce a bar shi haka, lokaci ya ƙure na bari.

Ya ce, "To ki rubuta wa Imogen mana." Ita ce mai shirya gasar. Ana yarda a gyara kuskuren da ya toshe wasa, sau ɗaya, amma sai ka rubuta a saman shafinka ka gaya wa kowa abin da ya faru.

Na ce mutane suna son shi a haka. Ya ce, "Mutane ko ke?" Na ce masa dankalinsa bai dahu ba. Ya dahu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ban rubuta wa Imogen ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Akwai wata mai kiran kanta Butar Shayi. Ta yi sharhi ran Asabar, ta sake jiya, yau kuma na uku. Na kwafe na yau:

"Na buga sau goma sha huɗu. Na rubuta duk zaɓin a takarda. Na ba shi ruwa, na ƙi amsa waya, na yi masa wanka, na kwanta a gefensa. Kullum sai ta fita. Don Allah mai wasan, ba maki nake magana ba, na riga na ba ku biyar. Ki gaya min kawai, akwai hanyar da za a zauna? Nawa mijin ya tafi ina ƙasa ina neman canjin da zan saya masa lemon da ba zai iya sha ba. Idan babu hanya ki ce babu, in huta. Paulette."

Mutum biyu sun amsa mata, wai babu, ai ma'anar wasan ke nan. Ta ce ba su take tambaya ba.

Idan na ce mata babu, za ta huta, kuma ƙarya ce. Idan na ce akwai, na gaya mata ke nan cewa da ta yi daidai da ta zauna. Na gaya wa kaina ma.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na rubuta "Babu, Paulette" na goge. Sau huɗu.

Muna cikin goman farko a ɓangaren labari, in ji wani da ke bin ƙidayar sharhi. Abin kunya, na ji daɗi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sau goma sha bakwai yanzu. Paulette ba ta ƙara tambaya ba, lambar kawai ta rubuta. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Ina goge haƙoran roba na wata tsohuwa na tuna yadda Wendel yake cewa ni ba na iya ƙarya, sai dai in yi shiru har ƙaryar ta yi kanta. Haushinsa ya kama ni kamar yana raye.

Na rubuta wa Imogen a lokacin hutu. Ta amsa kafin in gama kofi: "Ayya! An buɗe miki na awa ɗaya. Layin kawai, kar ki taɓa rubutu ko hoto. Kuma ki sanar."

Na cire layin. Na buga daga farko har ƙarshe, zaɓin ya fito, ban danna ba, na rufe. A saman shafi na rubuta cewa ƙarshen da kowa ya yaba kuskurena ne, akwai na biyu, ku yi haƙuri.

Ga Paulette na rubuta: "Akwai hanya. Tun bugunki na farko kin same ta, ni na toshe. Ni ma fita na yi." Na aika kafin in sake tunani.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An yi min ca. Mai "ba laifin kowa ba ne" ya dawo ya ce ya ji kamar an yaudare shi, da ya sani da bai ɓata hawayensa ba. Wata ta ce na lalata wasan, da na yi shiru wa zai sani. Wani ya ce ƙarshen zama ba shi da nama, layi uku ne kawai: ta zauna, ta riƙe hannunsa, ya daina numfashi. "Kamar marubuciyar ba ta san abin da ke faruwa a ɗakin ba."

To ai ban sani ba, malam. Ina zan sani?

Paulette shiru. Na duba har batirin waya ya mutu. Idan na ƙara mata ciwo fa?

Asabar, 15 ga Fabrairu

Shiru.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Paulette ta rubuto da safe.

"Na zauna. Na gode da ba ki yi min ƙarya ba. Na ɗauka zan ji sauƙi ko in ji na mutu, sai ban ji ko ɗaya ba, don na zauna ɗin amma bai kalle ni ba. Ina riƙe da hannunsa, shi taga yake kallo. Na daɗe a kan hoton. Me yake kallo?"

Na tafi gidan Arno da wuri, yana fere dankali. Ban cire takalmi ba na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya goge hannu a wando.

Na ce, "Amsa mata za ka yi, kai ka zana."

Ya ce, "Ita ke tambaya ko ke?"

Na ce ni.

Ya zauna. Ya ce da na fita, Wendel ya buɗe ido ya ce a ɗaga masa kan gadon. Daga tagar ana ganin titi. Arno ya ce suna kallona na fito da jar hular nan tawa mai tuntu, na zame a ƙanƙara na kama madubin motar wani, na miƙe, na tsaya ina nuna wa mai jan motoci yatsa ina masifa. Wendel ya yi dariya, irin wadda ba sauti sai ƙirji. Ya ce, "Dubi 'yar rigimar nan. Mutumin nan ya shiga uku." Daga nan bai ƙara magana ba. Idonsa na kan tagar har aka gama.

"Ban iya zana shi yana kallon wani wuri ba," in ji Arno. "Na gwada, hannuna ya ƙi."

Na ce shekara huɗu, Arno! Ya ce, "Duk ranar da na buɗe baki sai ki ce dankali bai dahu ba."

Na zage shi. Na yi ta zaginsa yana riƙe da ni, rigarsa duk warin albasa. Ba mu ci abincin ba sai wajen ƙarfe huɗu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An rufe maki. Mun zo na talatin da ɗaya. Arno ya ce da bakina bai yi kuskuren faɗin gaskiya ba da yanzu muna da kambu.

Na amsa wa Paulette, na gaya mata duka, har da zamewar. Na ce ban san abin da nata mijin yake yi ba lokacin da take ƙasa, ba zan ƙirƙira mata ba. Ta ce akwai ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin, har yau tana da lambarta, ba ta taɓa kira ba. Ba ta ce za ta kira ba. Ni ma ban ce ta kira ba.

Yanzu an buɗe, ina iya gyara duk abin da nake so. Na buɗe layukan nan uku na kalle su. Na bar su yadda suke.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sanyi ya yi tsanani yau, shi ya sa na ciro jar hular daga ƙasan akwati, ba wani abu ba. Warin ajiya take yi.

Hanyar da na saba bi zuwa aiki a cushe take, sai na bi ta titin gidan jinyar da Wendel ya rasu. Na tsaya ne don in share gilashi. Hawa na uku, taga ta biyu daga dama. Ashe kusa ce haka. Har fuskar mutum za a iya gani.

Ban ɗaga hannu ba. Ko da wani ya ga na ɗaga, hula nake gyarawa.