Kifin Takwararki

Zuwa ga uwar yarana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙafar? Yaya 'yarmu da mijinta? Allah ya saka musu da ɗawainiyar jinyarki. Tela maƙwabcinmu ne ke rubutawa, ni ke faɗa.

Tun shekarar da kasuwa ta ƙone, kina jegon Babba, rabona da riƙe ludayi sai makon nan. Takwararki, jikarmu 'yar Babba, ta tashi daga zazzaɓin, amma ta rame, wuya kamar tsinke. Likita ya ce a ba ta kifi, ba yaji, ba mai da yawa. Kin san gidan nan. Babba ba ya son ƙarni, ɗan angonki ba ya cin abin da ke da ido, takwararki kuwa in ta hango albasa ta rufe baki ke nan. Surukarmu ta soya, aka bar mata kayanta.

Na ce a ba ni madafin. Ina tune da yadda kike yi: farin kifi, a jiƙa da lemon tsami, a yar da kai da fata, a turara da dankali, a yar da albasar bayan ta ba da ƙamshi. Surukarmu ta ce in bari ta cire ƙayar. Na ce ina cire ƙaya tun ba a haifi ubanta ba. An cinye tas, har Babba ya ƙara.

Ki gaida kowa.

Naki,
Tsohon gida

Zuwa ga uwar yarana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin fara takawa. Mu kam sai godiya, amma hankalina ba kwance yake ba.

Shekaranjiya na sake turara kifin. Na bi shi da yatsa, na duba a bakin taga, na rantse babu komai. Loma ta biyu ƙaya ta tsaya wa yarinyar a maƙogwaro. A kafaɗa Babba ya kai ta asibiti, aka cire. Da suka nuna min ƙayar a kan auduga, audugar kawai na gani. Ke kaɗai na gaya wa wannan, sai tela.

Tun ranar ba ta ci abin kirki ba. In na matso da kwano sai ta juya fuska bango, ita da ke hawa bayana tana kirana tsoho mai rowa. Likita ya ce in ba ta ci ba zuwa ƙarshen mako, za a kwantar da ita a sa mata ruwa. Surukarmu ba ta ɗaga murya ba, tana durƙusawa ta gaishe ni kamar kullum. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yarinyar ba ta cin na uwarta, nawa kuma tana tsoro. Kada ki ce za ki taso da wannan ƙafar.

Gobe da safe zan je wajen mai kifi da kaina. Ni zan turara, don har yanzu ba wanda ya iya a gidan nan. Sannan in ɗauki kwanon in kai wa surukarmu har ƙofar ɗakinta, in roƙe ta ta cire ƙayar a gaban yarinyar.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Tsohon gida