Mutum Tamanin Sun Ce Suna Yi Na, Maiɗakina Ta Ce Shinkafa Ce

Inna Ma'u,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da ba ya gyaruwa, ko in fasa abin da zan yi ta cizon yatsa a kansa. Ba zan faɗi sunana ba. Ni ma'aikacin gona ne a Birnin Kebbi, sashen ƙididdiga, amma asalina mutumin Gulma ne ta ƙasar Argungu. In kaka ta yi, ni nake hawa jan babur ɗina in shiga fadamar Zauro in kimanta shinkafar da za a samu. Ba kowace gona muke aunawa ba, wa zai iya? Sunayen gonaki muke rubutawa a 'yan takardu, mu zuba a hula, mu girgiza, mu zaro arba'in. A kowace mu yanki ɗan fili, mu buge, mu auna, sai in fitar da matsakaici. Kuma mu ba ma faɗin adadi guda kamar boka. Tazara muke bayarwa, daga nan zuwa nan, mu ce mun amince kashi casa'in da biyar cikin ɗari cewa gaskiya tana ciki. Bara na ce eka za ta ba da buhu goma sha ɗaya zuwa sha uku, kuma da aka gama girbi a nan ta faɗa. Na faɗi wannan ne don ki san ba da ka nake magana ba.

To, kin ji soja sun ce a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya. Zuciyata ta raya mini kansilan Gulma. Hanyarmu in damina ta sauka ko jaki sai an lallashe shi, ga shi ni na san ƙofofin ofis. Amma doka ta ce ma'aikaci sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya. Ina da 'ya'ya huɗu, ga tsohuwata, ga shekara goma sha ɗaya da na zuba a aikin nan. Na riga na rubuta takardar ajiye aikin, tana aljihun rigata, tura ta hedikwatar jiharmu a Sakkwato kawai ya rage, kuma ƙarshen watan nan za a rufe karɓar 'yan takara.

Ban yi gaggawa ba, Inna, bincike na yi. Ranar sunan autanmu a gidanmu na Gulma, an yanka rago biyu, an dafa shinkafa, jama'a sun cika ƙofar gida har bakin masallaci. Na ga ba zan sake samun taro irin wannan ba. Na bi tabarma tabarma ina gaisawa, ina tambayar kowa ko zai zaɓe ni. Mutum ɗari cif na tambaya. Tamanin suka ce ai ba sai na tambaya ba, in sha Allahu ni ne. Ashirin suka ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, su ban ƙirga su a nawa ba, don ki ga adalcina. Na zauna na buga lissafi: goyon bayana yana tsakanin kashi saba'in da biyu da tamanin da takwas. Ko da ƙaramin ne ya tabbata, ai na ci.

Da na nuna wa maiɗakina takardar, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, wa ka cin shinkafakka da naman ragonka, kana shi dube ka shi ce ba shi yin ka? Wai yayarta Adama da ke aure a Gulma ta gaya mata cewa abokin hamayyata Maigandi, dillalin albasa, shi ma ya yi tasa tambayar ranar da yake rabon irin albasa, kuma shi casa'in ya samu. Na ce mata shi ai bai san lissafi ba. Tun ranar in na ce a miƙo mini ruwa sai ta ce na cikin tulu ko na tsakanin saba'in da biyu da tamanin da takwas. Yaran ma sun ɗauka. Wallahi abin yana ci mini rai, don ban taɓa yin wani abu babba ba tare da yardarta ba, yanzu kuma ta ce in na tura takardar nan ta bar ni da Allah. Ilimina zan bi ko maganar wadda ko firamare ba ta gama ba?

Naki,
Mai Neman Kansila, Birnin Kebbi

Ɗana Mai Neman Kansila,

Ka ɓoye suna, madalla. Sai dai ban san mutum nawa ne a Gulma ke da jan babur, suke auna shinkafa a Zauro, suka kuma yanka rago biyu kwanan nan ba. Gaishe da maijego.

Da yake ni lissafina bai wuce na cefane ba, na kai wasiƙarka wurin maƙwabcina Malam Irimiya, wanda ke koyar da ƙididdiga. Ya duba ya ce lissafinka ba kuskure ko ɗaya, saba'in da biyu zuwa tamanin da takwas daidai ne. Sannan ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Ya ce in gaya maka tazarar nan abu ɗaya take karewa: sa'ar waɗanda hannu ya zaro daga hula. Kai kuwa ranar suna ba ka girgiza hula ba. Waɗanda suka zo danginka ne da abokan mahaifinka da masu jin ƙamshin miya. Wanda ba ya yin ka yana gidansa. Matan gari kaf, waɗanda su ma ƙuri'a gare su, ba ka tambayi ko ɗaya ba. Ya ce ko mutum dubu ka tambaya a kan tabarmin nan, tazarar za ta ƙara matsewa ne kawai a wurin da ba nan gaskiya take ba.

Ni kuma ga nawa. Abin da ya sa kake dacewa a Zauro shi ne shinkafa ba ta jin kunyarka. Mutanen Gulma kuwa suna da kara, kuma ka fi ni sani. Kai tamanin, Maigandi casa'in, a gari ɗaya. Ba ƙarya suka yi muku ba, mutunci suka yi muku.

Ban ce ka fasa ba. Son gyara hanyar garinku abu ne mai kyau, kuma mai yiwuwa ana son ka da gaske. Ita ma maiɗakinka ta rage tsokana a gaban yara, ka ce ni na ce. Amma takardar nan ta zauna a aljihu tukuna. Ka yi wa mutane abin da kake yi wa gonaki: ka rubuta gidajen kowace unguwa, ka zuba a hula, ka zaro. Kada ka je da kanka, kada a ga babur ɗinka. Ka sami baƙon ido ya tambayi maza, mace ta shiga ta tambayi mata, kuma a tambaya wa za a zaɓa, ba wai ko za a zaɓe ka ba. In ƙasan tazarar ya haura rabi sosai, ku zauna da iyalinka ku yanke. In ta haɗa da rabi, ka san ba ka san komai ba tukuna, kuma ba a sayar da abincin 'ya'ya huɗu a kan haka.

Ka ce ba ta gama firamare ba. Ka tambayi mutum ɗari da ɗaya, ɗana. Ɗari sun ci shinkafarka sun wanke hannu sun tafi. Ɗaya ce kaɗai za ta zauna da kai in tukunyar ta koma ba komai, kuma ita ce kaɗai ta ba ka amsar da ba kara a ciki. Kada ka cire ta daga lissafi.

Allah Ya raya jariri, Ya zaɓa maka mafi alheri. Wannan karon ka ƙirga addu'ar a naka.

Inna Ma'u