A Cire Sunan Rabi Daga Jerin Zawarawa

Zuwa ga Malam Shugaban Kwamitin Sulhun Ma'aurata na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, ya iyali, ya aiki, ya kuma haƙuri da irinmu masu kawo muku rigima tun ba ku gama karin kumallo ba. Sunana Ɗahiru, manomi ne ni a Mahuta, kuma mijin Rabi ne har yau, ko da yake littafin ofishinku ya ce ba haka ba. Cikin ɗoki nake wannan rubutu, zama ma ya gagare ni, don haka in ka ga magana ta hau kan magana a yi mini uzuri. Albishir na kawo, da ƙorafi a bayansa. Na rubuto a buɗe ne saboda abin da ya same ni a gaban jama'a ya same ni.

Na ɗaya, ba zan ɓoye halina ba. Ni mutum ne mai saurin baki. Shekararmu goma sha huɗu da Rabi, 'ya'ya biyar, amma igiya biyu na riga na tsinke. Ta farko a kan abincin gona da ya makara, ta biyu a kan zuwa suna a maƙwabta. Duka biyun kafin rana ta faɗi idona ya raina fata, na yi ta zarya har aka maido mini ita. Yanzu igiya ɗaya ta rage. Malam ya fi ni sanin hukuncin: ranar da ta tsinke, Rabi ta haramta gare ni sai ta auri wani.

Na biyu, abin da ya kawo ni wurinku. Da ruwan shuka ya sauka bana, na shiga gayaunarta da shanu, na huɗe, na zuba masara, ban ce mata uffan ba. Wannan 'yar gona ni na ba ta da hannuna tun tana amarya, a nan take shuka gyaɗa da kuɓewa. Da ta ji, ta wanke ni tas a tsakar gida, kuma da gaskiyarta. Na ji kalmar nan ta taso mini har ta iso bakin haƙora. Sai na cire hulata na cusa a baki, na hau babur na nufi Dandume. Waɗanda suka gan ni na fita gari da hula a baki har yau ba su bar tsokanata ba, ni kuwa ko a jikina, don hular nan ce ta cece ni.

Na uku, abin alherin da aka yi mini a ofishinku. Malam Zubairu, dattijon nan na kwamitinku, shi na tarar. Ya sa aka kira Rabi da yayanta Isiyaku tela. Rabi ta rantse ba za ta kwana gidana ba. Na riga na sadaƙar, ina jiran a ce in ba ta takardarta. Sai Malam Zubairu ya ce ba dole ta kwana gidana ba, ni ma ba dole in sake ta ba. Ya ce mu raba muhalli na wata uku, kada ya kai huɗu, aure kuma yana nan daram. Ya bayyana mana cewa wannan ba yaji ba ne, domin mai yaji ba a san ranar dawowarta ba, sai dangi su yi ta ja-in-ja a kan biko. Wannan da ranar tafiya, da ranar dawowa, da sharuɗɗa a rubuce. Za ta zauna gidan Isiyaku a Dandume da ƙananan yara biyu. Ci da sha da magani suna wuyana. Zan riƙa zuwa duk Juma'a in zauna a zaure, in ta ga dama ta fito. Muka sa hannu, shaidu suka sa, aka buga hatimi.

Allah ya gafarta Malam, ban taɓa sanin akwai hanya irin wannan ba, kuma da na san ta tun da wuri da igiyoyina uku suna nan.

Na huɗu, abin da wata ukun suka yi. Na zauna da manyan yara uku, ni ne tuwo ni ne miya. Tuwona na farko gudaji ya fi gari yawa, yaran suka ci suna kallon juna don kada su ɓata mini rai. A nan na gane aikin da nake dawowa daga gona in tarar an gama, in kuma buɗe baki in yi faɗa a kai. Juma'ar farko Rabi ta gaishe ni daga bayan ƙyaure. Ta uku ta aiko da ruwa. Ta shida aka kawo fura, kuma daga kurɓar farko na san hannun da ya dama ta. Na gaya mata masarar da ke gayauna duka tata ce, har na bi kunya-kunya na tsoma mata kuɓewa. A Juma'a ta tara ta fito da kanta, ta zauna, ta dube ni ta kwashe da dariya, wai na rame kamar an jiƙa kaza. Dariyar nan ta fi mini daɗi fiye da duk yabanyar da na gani bana. A ranar ta ce in wa'adi ya cika za ta koma ɗakinta. Na dawo Mahuta ina waƙa a kan babur, washegari na yaɓe ɗakin, na canza ledar ƙasa, na gyara madafar da ruwa ya cinye.

Na biyar, ga ƙorafina. Ashe littafin ofishinku shafi biyu gare shi: na waɗanda aka sulhunta, da na waɗanda suka rabu. Da magatakardanku ya zo shigar da maganarmu, ya ga Rabi ba ta bi ni gida ba, sai ya zuba mu a shafin rabuwa. Bai tambayi Malam Zubairu ba, bai karanta takardar da shi da kansa ya buga wa hatimi ba. Da wani mai hali ya ce zai ɗauki nauyin aurar da zawarawa, aka ce a kawo sunaye, sai aka kwafe shafin nan kaf.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka karanta sunayen da lasifika a ƙofar ofishinku. Ina tsaye a wurin, da ƙullin kuɓewar da na tsinko mata rataye a babur. Da kunnena na ji an kira Rabi ƙanwar Isiyaku tela, ta bakwai a jeri. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutane suka juyo suna yi mini ya haƙuri. Kafin Lahadi wani dillalin hatsi daga Funtua ya aiko da goro gidan Isiyaku. An mayar masa da abinsa. Ban ga laifin dillalin ba, yana da ido, kuma ku kuka yi masa talla.

Na shida, inda aka tsaya yanzu. Malam Zubairu ya tabbatar mana aure yana nan, tunda ban furta ba, ban rubuta ba. Amma Rabi ta ce wadda aka kira bazawara da lasifika ba za ta koma ɗakin miji a ɓoye ba, don kada gobe a riƙa nuna 'ya'yanta ana cewa uwarsu tana zaune babu aure. Ta ce da bakin da aka ɓata ta da shi za a wanke ta, in ba haka ba tana nan gidan yayanta. Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda ta kuskure ba. Wa'adinmu kuwa saura kwana tara.

Saboda haka ga roƙona. A goge sunan Rabi daga jerin, a kuma faɗa da lasifikar nan, a ƙofar nan, bayan sallar Juma'a mai zuwa, cewa matar aure ce kuma mijinta Ɗahiru na Mahuta ne. A ƙara shafi na uku a littafinku, na waɗanda suka raba muhalli aurensu yana nan. A riƙa ba matar kwafin takarda ta riƙe a hannunta. Sannan ina roƙo da babbar murya a sanar da jama'a wannan hanya, a masallatai da wuraren ɗaurin aure, daga nan har Malumfashi. Na san maza da yawa masu irin bakina, kuma ba kowa ne zai tuna da hularsa a kan lokaci ba. Magatakarda kuwa kada a kore shi, littafin da aka ba shi ne ya gaza.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya saka wa Malam Zubairu da gidan Aljanna, ya sa duk auren da ya shigo ofishinku da rauni ya fita da ƙafarsa. Ni dai na riƙe bakina kusan wata uku, abin da ban taɓa iyawa ba tun da aka haife ni. Kada alƙalamin ofishinku ya tsinke igiyar da harshena ya bari. Ranar Juma'a zan zo in tsaya gaban lasifikar, na cika babur da mai, na goge wurin zaman baya.

Wassalam, tare da girmamawa.

Ɗahiru, mijin Rabi,
Mahuta.