Muryar Ɗigo a Cikin Laftof

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya.

Yaya, ranar Talatar da ta wuce ce komai ya juye mini. Na san Mama ta gaya miki a waya cewa na dawo gida, amma ba ta faɗi dalili ba, don ita ma rabi ta sani. In na buɗe baki kuka ke riga magana fitowa, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin san 'yata Ɗigo wata biyar ta yi a duniya. Abin da ba ki sani ba, ina da bidiyonta goma sha ɗaya. Da wayata ta cika, Abbanta ya kwashe su ya zuba mini a tsohuwar laftof ɗin da Baba ya ba ni da na gama makaranta. Wayar kuwa daga baya ta faɗa bokitin wanki. Tun da aka kai yarinyar nan makwancinta, kullum da safe in na gama shara sai in zauna a gefen gado in kunna ɗaya. Akwai wanda take ƙyaƙyata dariya don na yi atishawa. Daƙiƙa goma sha tara ne. Da shi nake samun ƙarfin ɗora ruwan shayi.

To kin san halin mijina Injiniya da gyaran kwamfutarsa. Akwai wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, wadda kamfaninta ya yi ta don injinansa masu tsada kawai. Shi da abokansa na intanet ba su da abin nishaɗi sai tilasta mata zama a kan injin da ba a yi ta dominsa ba. Kullum wani abu na ƙi: in hoto ya fito, intanet ya mutu, in intanet ya dawo, allon ya ƙi farkawa daga barci. Bayan rasuwar abin ya ƙara kama shi. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gimbiya, kawo laftof ɗin nan taki in mayar da ita 'yar gayu. Kwana biyu kawai."

Na ce, "Bidiyon fa?"

Ya ce, "Haba, wa kike gaya wa? Sai na kwafe su a filash kafin in taɓa komai."

Kwana huɗu ta yi, ta dawo da allo mai kyau kamar tagar otal. Na nemi bidiyon, ya ce sauti bai tashi ba tukuna, wai manhajar ba ta gane sifikar wannan injin ba. Ya ce, "In na mayar miki da su yanzu, bakinta za ki gani yana motsi ba murya. Ba za ki iya ba." Na ga gaskiyarsa. Har na ji ya burge ni, na ce a raina ga irin mazan cikin littafi masu tausayin da ba sa faɗa. Mako uku, Yaya. Kullum in tambaya, kullum ya ce saura ƙiris. Na yarda, don haka injinansa suke tun da na san shi.

Ranar Talata na ce bari in rage masa aiki. Na sa laftof ɗin a jaka na kai wa wani dattijo mai gyara a layin masu waya. Ya gyara tabarau, ya danna maɓalli biyu, sai ga kiɗa ya cika shagon. Ya ce, "'Yata, sautinki lafiyarsa ƙalau. Rage shi aka yi." Na ce ko akwai wasu bidiyo a ciki? Ya duba, ya sake dubawa, ya ce an share ma'ajiyar gaba ɗaya an rubuta sabon abu a kai.

Daga nan shagon Injiniya na wuce. Na miƙa hannu na ce, "Ba ni filash ɗin." Bai tashi ba. Ya ce, "Zauna tukuna." A nan na gane.

A littattafan da nake karantawa, in mace za ta bar gida ruwan sama ake yi, mijin ya biyo ta da gudu ba takalmi. Ni rana ake ƙwallawa, na shiga bas, wani ya ɗora mini buhu a kan ƙafa, ban ko iya cewa ya ɗage ba.

Ki yi mini addu'a. Ki sumbatar mini yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Mama da Baba. Tunda ba kya ɗaga waya, na rubuto. Ban iya wasiƙa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ina so ki san yadda abin ya faru daki-daki. Na kwafe bidiyon a filash kamar yadda na yi alkawari, har na buɗe biyu na tabbatar suna aiki. Filash ɗin shuɗi ne. Ina da wani shuɗin irinsa sak a aljihun tebur, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Kafin a ɗora wannan manhajar sai an shirya filash na musamman, kuma shirya shi yana share duk abin da ke ciki. Na ɗauki wanda nake zaton shi ne fanko. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e, don sau ɗari na sha dannawa. Da wannan filash ɗin na share laftof ɗin. Sai da na gama na ɗauko ɗayan don in mayar miki da kayanki, na tarar babu komai a ciki.

Shekara tara ina wannan sana'a. Ni ke yi wa mutane faɗa su manna takarda a jikin filash su rubuta abin da ke ciki.

Ban zauna ba. Na gwada manhajar tono abin da aka share har guda huɗu. Na kai maganar zauren intanet da muke tattaunawa, wani gwani daga wata ƙasa ya amsa cewa akwai yiwuwa, amma kaɗan. Don Allah kada ki sake kunna laftof ɗin, kowane kunnawa yana ƙara binne abin da ya saura. Ki ba ƙanwata ta kawo mini ita.

Ki dawo, Gimbiya. Zan gyara.

Mijinki

*

Auta,

Wa'alaikissalam. Wasiƙarki ta iso, na karanta a tsaye a kicin, abincin ranar ya ƙone, yara sun ci haka nan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ga hotuna biyun nan da kika taɓa turo mini, na sa an wanke su, suna cikin ambulan. Na san ba murya a cikinsu, amma ki riƙe.

Yanzu bari in yi miki magana irin ta babbar yaya, ko za ki kumbura. Tun kina 'yar makaranta kike ɓoye littafin soyayya a cikin na lissafi, kina jiran namijin da zai yi magana kamar shafi na arba'in. Babu shi, Auta. Na duba, babu. Maza da yawa da hannu suke kuka. Lokacin da surukata ta rasu, maigidana sau uku ya yi wa falonmu fenti a wata biyu, har na ce in ya sake ɗauko buroshi ni zan shafa masa. Naki injina yake kwancewa. Wa ya sani ko nasa fentin ke nan.

Batun filash kuskure ne, mai hannu shi ke ɓari. Ban ce haka don in wanke shi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mako ukun nan, yana kallon idonki kullum yana cewa saura ƙiris. Wannan kam sai an zauna.

Kada ki yanke komai da zafi. Ki rubuta masa, tunda ke gwanar rubutu ce. Ki tambaye shi abin da kike son sani na gaskiya, ba abin da yake son bayyanawa ba. Kuma ki ci abinci. Mama ta ce kin koma kamar tsinken sakace, ita kuma ba ta iya ƙari ba sai a kan farashin kaya.

Ki gaida su Baba. Allah Ya sanyaya miki.

Yayarki

*

Abban Ɗigo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda ya kamata mace ta gaida mijinta.

Ga laftof ɗin nan na ba ƙanwarka. Ban kunna ba.

Lokacin da kake nemana na roƙe ka wasiƙa ko ta layi uku ce, ka yi dariya ka ce ai ga waya. Na daɗe ina tunanin yadda wasiƙarka ta farko za ta kasance, har na tanadi akwatin gwangwanin da zan adana ta. Ta zo. Na ƙirga, ka ambaci filash sau biyar. Yarinyar ba ka ambace ta ba ko sau ɗaya. "Kayanki" ka ce.

Na yafe shuɗin filash. Ni ma na taɓa zuba gishiri a shayinka don robobin iri ɗaya ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ka rage sauti da hannunka, ka miƙo mini injin, ka ɗora wa manhaja laifi, don ka san na saba jin cewa ba ta jituwa da injinan da kake ɗora ta a kai. Safiya ashirin da ɗaya ina yi maka godiya. Akwai ranar da na kawo maka abinci shago da kaina don ina ganin wahala kake yi domina.

Abu biyu nake so. Kada ka sake yi mini bayanin inji. Ka gaya mini abu ɗaya da kake tunawa game da 'yarka. Sannan ka gaya mini dalilin da ya sa, cikin duk kwamfutocin da ke jibge a shagonka har rufi, tawa ka zaɓa.

Ka faɗi gaskiya ko mai ɗaci ce. A kanta zan tsaya.

Na bar ka lafiya.

Maman Ɗigo

*

Maman Ɗigo,

Assalamu alaikum. Kwana shida ina fara wannan takarda ina yagawa.

Ina tuna nauyinta. In na kwantar da ita a kan hannuna, kanta a tafina, ƙafafunta ba sa kai gwiwar hannuna sai a wata na uku. In na dawo daga shago takan kama biron da ke aljihun rigata ta ƙi saki, sai in cire rigar in bar mata. Ranar da zazzaɓin ya tsananta, a asibiti, ta kama aljihun, babu biro a ciki. Na manta shi a kan tebur. Har yau ba na sa biro a aljihu.

Tambayarki ta biyu. Na so in ce don in faranta miki ne, haka na gaya wa kaina. Ba haka ba ne. Kullum da safe ina ɗaura agogo a falo sai in jiyo dariyar nan daga ɗaki. Ke tana ba ki ƙarfi. Ni sai in fita, in kai shago in kasa riƙe sukudireba har azahar. Na kasa ce miki ki daina, don ba ni da bakin faɗa. Sai na nemi hanyar da laftof ɗin za ta bar gidan ko na kwana biyu, in huta. Wallahi ban share su da gangan ba. Amma da gangan na raba ki da su.

Akwai sauran, tunda kin ce ko mai ɗaci ce. Lokacin da na buɗe filash na biyu na ga babu komai, kafin tashin hankali ya zo, na ji wani sauƙi, na numfashi ɗaya. Shi ne abin da na kasa kallon idonki da shi. Shi na ɓoye mako uku.

Na tona laftof ɗin iya iyawata. Babu abin da ya fito. Ba zai fito ba.

Gidan na nan yadda kika bar shi. Littafinki yana kife a kan matashi a shafin da kika tsaya, ban taɓa ba. Ina roƙonki ki dawo, ko da ba za ki yi mini magana ba.

Allah Ya ba ki haƙurina.

Abban Ɗigo

*

Abban Ɗigo,

Wa'alaikassalam. Na karanta sau uku. Na gode da gaskiya, na gode da biron. Ban san da shi ba, yanzu ina da shi.

Da ka ce mini tun farko dariyar tana karya ka, da na sa abin sauraro a kunne, ko in jira ka fita. Ɗaki ɗaya ne tsakaninmu, ka zagaya ta shago.

Ba na jin haushinka. Na neme shi a raina jiya da yau, ban samu ba. Amma na gwada zama a gefen gadon nan a tunanina, da safe, gidan shiru, kai kana ɗaura agogo a falo, ni kuma na san shirun ya fi maka sauƙi. Na kasa.

Na gaya wa Baba, zai kira yayanka su zauna. Ƙanwarka ta haɗa mini kayana in ta sami lokaci. Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ba zan dawo ba.

Maman Ɗigo