Hular Lamba Talatin da Ɗaya

Litinin, 5 ga Agusta

An fara atisaye. Shekara ta ashirin da huɗu ke nan ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake rungume ƙwallo a ruga da ita a wasan ƙwallon Amurka, kuma makaranta ta bakwai. An fito da ɗan littafin kakar wasa ta bana mai hotunanmu. A ƙarƙashin nawa an rubuta: Cleon Batiste, kocin masu gudu da ƙwallo, ya horar da tara da suka yi yadi dubu a kaka guda, uku sun shiga wasan ƙwararru. Daidai ne. Hoton dai na shekara shida da suka wuce ne, lokacin ina da gashi.

Bana ina da 'yan wasa shida. Lamba 4 shi ne babba, shekararsa ta ƙarshe. Lamba 22 yana da gudu amma hannunsa kamar an shafa masa mai. Sai sabon, lamba 31. Sauran ukun cikon benci ne. Ba na rubuta sunayensu a nan, ban taɓa ba. Suna zuwa suna wucewa, ni ma haka, lambar riga ta wadatar.

Alhamis, 8 ga Agusta

Zafin Mississippi. Biyu sun yi amai, ɗaya ya yi kuka.

Asabar, 10 ga Agusta

Tsoho Purvis mai kula da kayan wasa ya tare ni yana ƙorafi. Wai duk hulunan kwanon da ke sito babu wadda ta shiga kan 31, sai da ya yi odar ta musamman. "Koci, ina ka samo wannan? Jiki kamar tsinken tsire, kai kuwa kamar kabewa." Na ce ƙafafunsa na ɗauko, kan gyara aka ba ni.

Lahadi, 18 ga Agusta

Bayan coci matata Vernice ta sake tambayata ko za ta buɗe kwalayen gareji. Shekara uku muna gidan nan. Na ce ta bari mu ga yadda kakar za ta kaya. Ta ce, "Haka ka ce a Texas, haka ka ce a Carolina. Akwai tukwanen da na manta kamanninsu."

Bari in rubuta maganar 31 don kada ta ruɗe mini.

Doka ta ba ɗan wasa kaka huɗu. Amma in shekara ta wuce bai buga fiye da wasa huɗu ba, ba a ƙirga ta, a ajiye take. Wato zai yi shekara biyar yana karatu kyauta. Ya taka fili a wasa na biyar, ko na daƙiƙa ɗaya ne, shekarar ta ƙone.

A Janairu na je ɗauko shi, gidan kakarsa Mama Earline, can gaban gonakin auduga. Ita ta raine shi. Ta soya tarwaɗa, ga burodin masara, ga ganye. Sai da na cinye faranti biyu ta zauna ta dube ni. "Ɗan nan, ni ban san ƙwallo ba. Jikana karatun injiniya yake so, kuma ba mai saurin ɗauka ba ne, na sani. Huɗu ba za ta ishe shi ba. Biyar kuka ce?" Na ce biyar. Ta ce in faɗa da bakina a kan teburinta, na faɗa. Na sha faɗin irin wannan a kan tebura da yawa. Tarwaɗar dai ta yi daɗi.

Asabar, 7 ga Satumba

Mun ci. 4 ya yi yadi 118. Na saka 31 a ƙarshe don ya ɗanɗana. Wasa ɗaya.

Talata, 17 ga Satumba

22 ya saki ƙwallo sau biyu ranar Asabar. Na ba shi ƙwallo ya riƙe duk mako, aji, ɗakin cin abinci, har bayi. Duk wanda ya buge ta daga hannunsa, 22 zai yi gudun hawa matakala. Malamar tarihi ta aiko da takarda wai ana kokawa a ajinta.

Asabar, 5 ga Oktoba

An ci mu. Lissafin kakar zuwa yanzu: mun ci wasa biyu, an ci mu uku. 31 ya shiga, na biyu ke nan.

Laraba, 16 ga Oktoba

Oga, wato babban kocinmu Harlan Stovall, ya tara mu a ofis ya rufe ƙofa. Shugabannin makaranta sun ce in ba mu ci wasa shida bana ba, shi ke nan. In an kori babban koci kuwa, da jama'arsa yake tafiya, mu goma. Dwight, kocin masu tsaro, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Ban ji komai ba. Sau uku ana yi mini wannan. Na dai gaya wa Vernice ta bar kwalayen yadda suke.

Asabar, 26 ga Oktoba

Uku da huɗu. 31, na uku. Yana iya ganin kafar wucewa tun kafin ta buɗe. Wannan ba a koyar da shi, ko da yake in aka tambaye ni zan ce ni na koya masa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ƙafar 4 ta karye a idon sawu. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Yadi 871 ya tsaya. Da ya cika dubu da shi ne na goma a littafina. Abin da ya fara zo mini a rai ke nan tun yana kwance a ƙasa, kuma ba na jin daɗin cewa shi ya fara zo mini. Huɗu da biyar.

Asabar, 16 ga Nuwamba

31 ya ɗauki ƙwallo sau ashirin da shida, yadi 163, ya tsallake layin ƙarshe ya ci mana maki sau biyu. Mun ci. Biyar da biyar. 'Yan kallo suna ta kiran sunansa.

Wasa na huɗu ke nan. Ya ƙare.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na tuna wa Oga lissafin. Ya ce na wannan Asabar ɗin ko da wa muka je ba za mu ci ba, a ajiye yaron. "Na ƙarshen kuma sai mu gani." Na san wannan "sai mu gani" ɗin, ni ma na sha yi wa mutane.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An lallasa mu. Biyar da shida. Saura ɗaya, a gida.

Talata, 26 ga Nuwamba

Oga ya kira ni ni kaɗai. Ya ce a sa wa 31 kayan wasa ranar Asabar, ko da ta-kwana. Na ce na yi wa kakarsa alkawari.

"Cleon, ni ma na yi wa gidaje goma alkawari. Matar Dwight ciki ne da ita wata bakwai. Je ka gaya mata kana tausayin wata tsohuwa a ƙauye."

Ba ƙarya ya yi ba. Matsalar Oga ke nan, ba ya cika yin ƙarya.

Da yamma shi kansa 31 ya same ni a wurin ajiye motoci. "Koci, ka saka ni mana. Ni fa na yarda. Shekara ɗaya ce kawai." Na tambaye shi nawa ya ci a jarrabawar lissafi. Ya kau da kai. Na ce kakarka fa? Ya ce, "Ai ba sai ta sani ba." Na ce a talabijin za a nuna. Ya yi dariya, yana zaton wasa nake.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar Godiya, bikin da iyalai ke taruwa a ci abinci. Talotalo, dankali, surukai. Ina yanka nama sai lamba 19 ya faɗo mini a rai. A Texas ne, shekara goma sha shida da suka wuce. Lokacin ma doka ta fi tsanani, wasa ɗaya ke ƙona shekara. Na saka shi a wasan ƙarshe, ya ci mana, ni kuma na samu aiki a makarantar da ta fi girma. Daga baya na ji tallafinsa ya ƙare saura masa zango biyu, bai gama ba. Wani ya ce ya gan shi yana lodin kaya a wani sito.

Na yi ta ƙoƙarin tuna sunansa har aka kwashe kwanuka. Vernice ta ce me ya same ni. Na ce naman ya bushe. Ta ce, "To gobe kai za ka dafa."

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Mama Earline ta bugo. Ba ta yi maganar komai ba, wai tana gaishe ni ne, kuma ya mai ɗakina. Ta ce an samu tarwaɗa manya bana. Wanda ya ci ladan kuturu dai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An ci mu, 20 da 17.

Yadda aka yi. 22 ya yi ƙoƙari, bai saki ƙwallo ko sau ɗaya ba, amma ba ya ganin kafa. 31 yana tsaye a bayana tun farko da hularsa a hannu, yana tsalle kamar mai jin fitsari. Da aka shiga zango na huɗu na ce ya zauna ya sha ruwa, ya ishe ni. Ya ajiye hular a kan benci. Na ɗauke ta na miƙa wa Purvis, na ce ya kulle a akwatin kaya. Haka likitoci suke yi wa wanda ya bugu a kai, don babu mai shiga fili ba hula. Purvis ya dube ni, ya dubi hular. Ya ce, "Ni ban ga komai ba," ya tafi da ita.

Saura daƙiƙa arba'in, muna yadi biyu da layin ƙarshe, damar ƙarshe, kuma ba mu da sauran hutun da za mu nema. Oga ya ƙi a yi bugun ƙafa mai maki uku a yi kunnen doki, ya ce ci yake so. Ya juyo yana ihu, "Talatin da ɗaya! Kawo mini talatin da ɗaya!" Yaron ya zabura, ya duba benci, ya duba ƙarƙashi. Ya fizge hular wani ya danna, ta tsaya masa a goshi. Ya fizgi wata, haka. Agogo yana tafiya. Na tura 22.

An tare shi saura taki ɗaya.

A hanyar shiga ɗakin canja kaya Oga ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba. "Ina hular, Cleon?" Na ce tana akwati, ni na sa aka kulle. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya da saninka."

Ban sani ba ko 31 zai iya tsallakewa. Ina jin zai iya.

Lahadi, 1 ga Disamba

An kore mu duka, ƙarfe goma na safe, cikin minti shida. Dwight ya wuce ni a matakala da kwalinsa, na yi masa magana bai amsa ba. Yana da gaskiya. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Talata, 3 ga Disamba

Labari ya zaga. Kocin da ke ɓoye wa ogansa hula ba ya saurin samun aiki. Na buga waya wuri biyar, biyu sun ɗauka, sun ce za su neme ni.

Na haɗu da 31 a gaban laburare. Ya ce, "Da na shiga, Koci. Da na ci, da ba a kore ku ba." Idonsa ja. Na ce ya je ya yi karatun lissafinsa. Ya tafi bai yi mini sallama ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na je mayar da makulli. Ofishin da ke kula da dokokin wasa yana kan hanya, sai na leƙa, tunda ina wucewa ne. Matar da ke wurin ta nuna mini takardar 31, wasa huɗu, an buga hatimi. Saura masa kaka huɗu cur, ko wa aka kawo sabon koci.

Vernice ta fara naɗe labule, ko da yake ba mu san inda za mu ba. Ta ce wannan karon dai haɗa kaya ba wuya. Na shiga gareji in ƙirga kwalaye. Na Texas tef ɗinsa ya saki, dole dama a sake ɗaure shi, shi ya sa na buɗe. Littafin waccan kakar yana ciki, ƙarƙashin tukwanenta. Shafi na arba'in da biyu, ga 19. Yana murmushi, da wushirya, na manta yana da wushirya. An rubuta garinsu, don haka lambar waya ba za ta yi wuyar samu ba. Ban ce zan kira ba.

Vernice ta leƙo ta ce me nake yi a ƙasa tun ɗazu. Na ce ga tukwanenki.

Lamba 19, Darnell Oakes.

Lamba 31, Kendrell Magee.